Sashen ƙanjamau a asibitin gwamnati: gwaji da magani sun yi, saura abin da ke kewaye da su

Kusan kowane babban asibitin gwamnati a Arewa yana da wani sashe da ba a kiran sunansa da ƙarfi. A wani wuri allon ƙofar yana ɗauke da "Heart to Heart", a wani wuri harufa uku ne kawai, ART, wato gajeren sunan maganin ƙanjamau a Turance, a wani wurin kuma babu rubutu sam, sai dai mai gadi ya nuna maka da baki. A nan ake gwajin ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jiki, a nan ake ba da magani, a nan kuma ake bibiyar masu ciki da jariransu. Idan aka auna wannan hidima, gwajin da maganin sun cika mudu har da ɗori, kuma kyauta ne. Inda ake tauye mudun shi ne wajen rufin asiri, da bayanin da ya kamata a yi wa mutum a tagar karɓar magani, da jinin da ake ɗiba a manta a dawo da sakamakonsa. Wanda ya san abin da zai tambaya yana cin moriyar wurin sosai. Wanda bai sani ba yakan karɓi robar maganinsa ya tafi, ya shekara yana maimaita kuskuren da bayanin minti biyu zai hana.

An yi nisa daga inda aka faro. Shirin gwamnatin Najeriya na ba da wannan magani ya soma a 2002 a cibiyoyi 25 kacal a duk ƙasar, mutum yana biyan naira 1,000 a wata, sai a 2006 aka mayar da shi kyauta. Yanzu har wasu ƙananan asibitocin karkara suna bayarwa. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar, jimillar masu ita kusan mutum miliyan 1.9, kuma Arewa maso Yamma ce ke da mafi ƙarancin kaso, 0.6. Wannan ƙaramin kaso yana ruɗin mutane. A yankin da ke da jama'a kamar ƙasa, ƙaramin kaso ma dubban gidaje ne, kuma da yake ba a saba jin maganar a fili ba, kowa yana ganin shi kaɗai ne.

Gwajin kansa ba ya cin rabin awa idan babu layi. Mai ba da shawara zai zaunar da kai, ya yi 'yan tambayoyi, ya nemi yardarka, sannan ya goge yatsa ya soka. Ana ɗora ɗigon jini a kan siririn tsinken gwaji da ake kira Determine, a bi shi da ɗigon ruwan da kamfanin ya haɗo da shi, a jira minti 15. Layi ɗaya a wurin shaida yana nufin ba a ga komai ba. Layi biyu, ko da na biyun ya yi dishi-dishi, yana nufin sai an sake da wani nau'in gwajin daban. Idan layin shaida bai fito ba gaba ɗaya, tsinken ya lalace, ba sakamako ba ne. Tsarin da aka daɗe ana bi a Najeriya shi ne Determine da farko, Uni-Gold na biyu, sannan Stat-Pak idan biyun farko sun saɓa wa juna. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, ba a gaya wa mutum yana ɗauke da cutar bisa tsinke ɗaya. A wannan fanni asibitin gwamnati ya fi yawancin ƙananan ɗakunan gwaji na unguwa da kemis, inda sau da yawa nau'i ɗaya suke da shi, da shi kuma za su yanke hukunci. Kafin a fara ba mutum magani ma ana sake gwada shi, domin a kauce wa ɗora mai lafiya a kan maganin har abada saboda musayar suna ko kuskuren karatu.

Abubuwan da ke ɓata gwajin ƙanana ne. Kayan gwajin ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, kuma duk wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san yadda ɗakin ajiya mai rufin kwano yake zama. Wani lokaci ruwan ɗigawar ya ƙare, ma'aikaci ya ari na wani kamfani ko ya sa ruwan allura, kuma wannan yana iya fito da layin ƙarya. Wani lokaci layi ya yi tsawo, a karanta a minti 5 a ce "lafiya lau". Ba rashin kunya ba ne mutum ya nemi ganin ranar lalacewa a jikin ledar, ya kuma duba agogo.

Sai batun tazara. Wannan gwaji ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin da jini ya mayar mata yake gani, kuma martanin yana iya ɗaukar har wata 3 kafin ya bayyana. Wanda wani abu ya faru da shi makon jiya, sakamakon yau bai wanke shi ba, sai ya dawo. Wannan ya shafi gwajin aure kai tsaye. Tun watan Mayu na 2024 jihar Kano ta sa dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jinin sikila kafin ɗaurin aure, kuma doka ce mai amfani. Sai dai yadda ake aiwatar da ita yana rage amfanin. Ana zuwa saura kwana uku ɗaurin aure, an raba goro, an kai lefe, kowa takardar kawai yake so. Gwaji biyu ya fi, ɗaya tun ana maganar sa rana, ɗaya kuma dab da biki. Kuma sakamako na masu auren ne, su biyu ya kamata a zaunar a faɗa wa, ba a miƙa takarda a hannun ƙanin ango ya kai wa waliyyi ba. A gidan da ake ƙara aure kuma, ana gwada ango da amarya a bar uwargida, alhali shimfiɗa ɗaya ta haɗa su duka.

Akwai kuma gwajin da mutum ke yi da kansa, irin OraQuick, wanda wasu cibiyoyi ke rabawa, ana kuma sayarwa a manyan shagunan magani. Ana shafa filafilinsa a dasashin sama sau ɗaya, na ƙasa sau ɗaya, a tsoma a kwalbar ruwansa, a karanta bayan minti 20, kada a wuce 40. Kada a ci ko a sha komai minti 15 kafin a yi. Yana da amfani ga maza masu gudun asibiti. Layi biyu a nan ma sai an tabbatar a asibiti. Kuma bai dace da wanda ya riga ya fara shan magani ba, domin yana iya nuna masa layi ɗaya alhali ƙwayar tana nan.

Idan an tabbatar, za a buɗe fayil, a ba da lamba, a ɗauki hoton yatsa a na'ura, a auna nauyi, a yi tambayoyi huɗu na tarin fuka: tari, zazzaɓi, rama, gumin dare. Tun 2016 aka daina jiran garkuwar mutum ta faɗi kafin a ba shi magani. Yanzu a ranar ake farawa, ko cikin mako guda. Babban abin da ke sa a dakata shi ne alamar sanƙarau, wato matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya ko ruɗewa. Mai wannan alama ya faɗa da bakinsa ko da ba a tambaye shi ba, domin idan irin sanƙarau ɗin da ke kama masu raunin garkuwa ne, sai an yi makonni 4 zuwa 6 ana maganinsa kafin a ɗora na ƙanjamau, in ba haka ba ƙwaƙwalwa tana iya kumbura.

A nan ne asibitoci suka fi bambanta. Ya kamata a auna ƙwayoyin garkuwa, abin da ake kira CD4, ga duk sabon shiga. Wanda nasa ya gaza 200 cutar ta yi nisa ko da yana tafiya da ƙafarsa, kuma akwai abubuwan da aka tanadar masa: gwajin fitsari na tarin fuka, gwajin jini na wancan sanƙarau, ƙwayar Septrin kullum don kare shi daga cututtukan da ke biyo baya, da fluconazole, maganin tare wancan sanƙarau, idan gwajin ya nuna. Manyan asibitocin koyarwa da na ƙwararru sun fi samun waɗannan kaya. A ƙananan wurare sau da yawa robar magani kawai ake miƙawa. Mutanen da suke rasuwa a watannin farko bayan fara magani galibi daga wannan rukuni suke, kuma maza sun fi yawa a ciki, saboda mace awon ciki yana kai ta asibiti da wuri, shi kuwa namiji sai ya gama da maganin shawara da na basir da na taifot sannan a kawo shi a kwance. Wanda ya zo a rame, da gudawa mai daɗewa ko farin baki, gara ya nufi babban asibiti tun farko ko da ya fi nisa.

Maganin da ake ba manya a yau, TLD, shi ne abu mafi kyau a duk hidimar. Ƙwaya ɗaya ce a rana, ta haɗa tenofovir miligiram 300, lamivudine 300, da dolutegravir 50. Waɗanda suka sha na da sun san bambancin: akwai wanda ke zuƙe kumatu har a gane mutum daga nesa, akwai mai fesar da ƙuraje, akwai efavirenz mai sa jiri da munanan mafarkai. TLD ba ya yawan yin haka, yana danne ƙwayar da sauri, kuma ba ta saurin bijire masa. Ana fara ba da na wata ɗaya, idan mutum ya daidaita a koma ba shi na wata 3, har zuwa 6. Illolinsa da aka fi gani su ne rashin barci, ciwon kai na 'yan makonni, da ƙiba a hankali. Mai fama da rashin barci ya mayar da shi safe. Wanda ya manta ya sha da zarar ya tuna, sai dai idan lokacin na gaba ya kusa, kuma ba a haɗa biyu. Azumi ba ya hana shi, tunda sau ɗaya ne: a tsayar da shi ko dai a sahur ko bayan buɗa-baki, a zauna a kan hakan har sallah.

Abin takaici, tagar famasi ce ta fi kowane wuri gaggawa, kuma a nan ne bayani ya fi muhimmanci. Dolutegravir ba ya shiri da maganin gyambon ciki irin farin ruwan nan mai kauri da ƙwayoyin taunawa, haka da maganin ƙarin jini da na ƙarin ƙarfin ƙashi. Sinadaran da ke cikinsu suna kama shi a hanji su hana jiki zuƙarsa. Ƙa'idar ita ce a sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Na ƙarin jini da na ƙashi ana iya haɗa su da shi idan tare da abinci ne, amma na gyambon ciki sai an raba. Ka duba yawan masu shan maganin olsa a ƙasar nan ba tare da likita ba, ka duba kowace mai ciki ana ba ta jan maganin ƙarin jini a wurin awo, za ka gane yadda mutum zai rantse bai taɓa tsallake rana ba amma a ga ƙwayar ta hau. Mai ciki da ke cin farar ƙasa ma ta faɗa wa mai ba da magani.

Mai tarin fuka da ke shan rifampicin, maganin da ke mayar da fitsari ja, yana buƙatar ƙarin dolutegravir miligiram 50 awa 12 bayan TLD ɗinsa, saboda rifampicin yana sa hanta ta ƙone shi da sauri. Sashen tarin fuka da sashen ƙanjamau sau da yawa ba ɗaki ɗaya ba ne, kowanne yana zaton ɗayan ya bayar. Mai ciwon suga da ke shan metformin sai an duba yawan da yake sha, domin dolutegravir yana ƙara masa ƙarfi a jini. Tenofovir kuma ta ƙoda yake fita, saboda haka dogon shan diclofenac ko ibuprofen ko haɗin 'yan kemis na ciwon jiki yana da haɗari, kuma ya kamata a riƙa duba ƙodar, musamman ga masu hawan jini da suga da waɗanda suka manyanta. Wanda ke da ciwon hanta nau'in B tare da ƙanjamau yana da ƙarin dalilin riƙe maganin: biyu daga cikin sinadaran TLD suna danne ciwon hantar ma, idan aka yanke su kwatsam yana iya tasowa da ƙarfi. Labari mai daɗi ga mata shi ne TLD ba ya rage ƙarfin ashanar tazarar haihuwa da ake sawa a dantse, ba kamar efavirenz ba.

Robar ita kanta matsala ce. Ta wata 3 tana ɗauke da ƙwaya 90, babba ce, tana kuma kaɗawa a jaka kamar caki. Tun kafin su fita daga harabar asibiti za ka ga mata a gefe suna ɓare takardar jikinta da farce, wasu suna juye ƙwayoyin a ƙullin leda su jefar da robar. Ɓare takarda ba laifi, in dai an riƙe ranar lalacewa. Juyewa a leda ne ke ɓata magani, domin a cikin robar akwai 'yar jakar da ke tsotse danshi, kuma tenofovir ba ya jure laima. A damina ƙwayoyin cikin leda suna laushi su manne. Gara a bar su a robarsu, a cusa auduga mai tsabta don kashe ƙarar, a riƙa ɗibar na mako ɗaya kawai a ƙaramin mazubi mai murfi, a kuma nisanta su da murhu da aljihun mota.

Ana kuma ba da rigakafin tarin fuka ga wanda aka tabbatar ba shi da shi: isoniazid kullum na wata 6, ko haɗin da ake sha sau ɗaya a mako har sau 12 a inda ake da shi. Mutane da yawa suna ajiye shi don ba a gaya musu dalilinsa ba, alhali tarin fuka ne kan gaba wajen kashe masu ƙanjamau. Idan ido ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, a dakata a koma asibiti a ranar.

Gwajin da ke nuna ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu shi ne na yawan ƙwayar cutar a jini. Ana yin sa bayan wata 6 da fara magani, a sake a wata na 12, daga nan shekara-shekara. Kyauta ne, amma ba a wurin ake aunawa ba, sai an tura jinin babban ɗakin gwaji, wani lokaci a wata jiha. A hanya ake samun tangarɗa: babu wuta a raba jinin a kan lokaci, mai babur ɗin ɗauka bai zo ba, injin ya tsaya, sinadari ya yanke. Sakamakon da ya kamata ya dawo cikin mako biyu yakan yi watanni, wani lokaci ma ya dawo ya kwanta a fayil ba wanda ya karanta wa mai shi. Ka tambayi lambar da bakinka, ka rubuta ta. Ƙasa da 50 ana cewa ba a ganin ƙwayar. Wanda ya zauna ƙasa da 200 ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciya, kuma wannan shi ne bayanin da ya fi ceton aure, amma da wuya a ji ma'aikaci ya faɗe shi ƙarara. Sama da 1,000 yana nufin akwai matsala. Ba a canza magani nan take. Ana yin zaman shawara sau 3 cikin wata 3 a gano inda ake tsallakewa ko abin da ake haɗawa da shi, a sake gwaji. Sai idan bai sauka ba ake komawa wani haɗin maganin da ake kira layi na biyu, wanda ƙwayoyinsa sun fi yawa, illolinsa ma haka.

"Ba a ganin ƙwayar" ba warkewa ba ce, kuma a kan wannan kalma masu tallan magani da lasifika a kasuwa suke cin abinci. Mutum ya shekara biyu yana shan TLD, ya haɗa da jiƙon wani, a ce masa ba a ga komai a jininsa ba, sai ya ba jiƙon lada ya ajiye ƙwaya. Cikin makonni ƙwayar cutar take dawowa. Addu'a da magani ba sa karo, yawancin malamai ma haka suke faɗa. Abin da ke kashe mutane shi ne sharaɗin "sai ka daina na asibiti".

Rufin asiri kuwa, a nan hidimar ta fi rauni, kuma laifin gini ne da tsari fiye da na ma'aikata. Sashe ne guda da kowa ya san na mene ne, da bencinsa a waje, da ranakunsa sanannu, da katinsa mai launi daban. Ana kiran suna da ƙarfi. Mai shara ko mai ɗauko fayil ɗan unguwarku ne. Shi ya sa za ka samu mutumin wannan gari yana karɓa a wancan, na wancan yana zuwa wannan, kowa yana biyan kuɗin motar da wata rana zai gagare shi, ranar da ya gagara kuma magani ya yanke. Dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 ta haramta bayyana sirrin mutum ba da yardarsa ba, ta hana kora daga aiki ko makaranta saboda ita, ta kuma tanadi tara ko ɗauri. Amma wa zai kai ƙara kotu ya ƙara tona kansa? Abin da ke aiki a zahiri shi ne neman a ba ka na wata 6, ko a mayar da kai karɓa a shagon magani na unguwa da aka yi yarjejeniya da shi, inda akan biya ɗan kuɗin hidima, ko shiga ƙungiyar da mutum ɗaya ke karɓo wa sauran. A kula da lambar wayar da za a bayar: idan mutum ya wuce ranarsa za a kira, idan ya kai kwana 28 ana lissafa shi cikin waɗanda suka yanke, har gida ana iya biyo shi. Kada a ba da lambar da kishiya ko yaro ke ɗauka. Wakilan ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, NEPWHAN, suna zama a cibiyoyi da dama, kuma sau da yawa sun fi kowa sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan an wulaƙanta mutum.

"Kyauta" ma tana da iyaka. Gwaji, TLD, awon yawan ƙwaya da maganin tarin fuka ba a biya. Kati, gwajin ƙoda da na hanta, hoton ƙirji, gado, ƙarin jini da yawancin magungunan cututtukan da ke biyo baya, a wurare da yawa daga aljihu ne. A nemi rasit a kan duk abin da aka biya. Mata su tambayi gwajin bakin mahaifa, domin haɗarin wannan sankara ya ninka kusan sau 6 ga mai ɗauke da ƙwayar, kuma dubawar ba ta wuce 'yan mintoci.

Ɓangaren masu ciki shi ne wanda sakamakonsa ya fi faranta rai idan an bi shi, ya fi kuma ɓata rai idan aka sake. Ba tare da magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna ɗauka daga uwa. Da magani adadin yana sauka ƙasa da 5. Ana gwada mace a awon farko, a ɗora ta a kan TLD a ranar. Da an haihu ana fara ba jariri ruwan nevirapine kullum na mako 6. Idan uwar ta makara wajen farawa ko ƙwayarta tana sama, ana haɗa masa da zidovudine a tsawaita zuwa mako 12. Matsalar ita ce yawancin haihuwa a Arewa a gida ake yi, hannun ungozoma, sau da yawa da tsakar dare. Mai niyyar haihuwa a gida, ko wadda asibiti ya yi wa nisa, ta nemi a ba ta ruwan maganin da sirinjin awonsa tun cikin yana wata 8, a nuna mata layin da za ta tsaya. A mako na 6 ana soka dundunen jariri a ɗiga jini a kan kati na musamman a tura, a kuma fara ba shi Septrin. Tsinken gwajin manya ba ya yanke hukunci a kan jariri, domin martanin jinin uwa yana zama a jikinsa har wata 18. Ana sake dubawa wajen wata 9, hukuncin ƙarshe kuma sai a wata 18 ko bayan an yaye shi da 'yan watanni. A nan ake rasa yara da yawa: gwajin farko ya fito lafiya, uwa ta ɗauka an gama, alhali nono yana ci gaba.

Nono zalla ake so na wata 6, ba ruwa, ba koko, ba madarar gwangwani a gefe, sannan a ƙara abinci a ci gaba da shayarwa har shekara, uwa tana kan maganinta. Haɗa nono da wani abu a watannin farko yana ƙara haɗarin. Faɗar wannan a asibiti ya fi yin sa sauƙi a ɗakin jego, inda kaka ke riƙe da ruwan rubutu da dauri. Uzurin da ke karɓuwa shi ne nono zalla umarni ne ga kowace mai jego, ba sai mai cuta ba. Cire belun jariri da tsagar wanzami ma a bar su, don rauni a maƙogwaron mai shan nono ƙofa ce. Yaron da aka samu da ƙwayar yana da maganinsa mai narkewa a cokalin ruwa, kuma da nauyi ake auna shi, saboda haka duk zuwa sai an ɗora shi a sikeli. Yaro yana girma a bar shi a kan awon bara, kuskure ne da ake yawan gani.

Hidimar da mutane suka fi jahilta ita ce ta gaggawa. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko ma'aikacin da allura ta soka, ko wanda kwaroron roba ya fashe masa, akwai maganin kwana 28 da ke hana kamuwa, amma sai an fara cikin awa 72, kuma gara a awannin farko. Sashen ART yana rufewa da yamma, ba ya buɗewa Asabar da Lahadi a yawancin wurare, to a nufi sashen gaggawa a ambaci wannan magani da sunansa, PEP. Ba a jiran takardar 'yan sanda kafin a fara. Ga ma'auratan da ɗaya ke da ƙwayar ɗaya ba shi da ita, akwai ƙwayar kariya ta kullum, PrEP, wadda mai lafiyar zai riƙa sha har a tabbatar ƙwayar cutar abokin zamansa ta kwanta.

Mafi yawan kuɗin wannan magani daga waje yake zuwa, daga shirin PEPFAR na Amurka da aka kafa a 2003 da kuma asusun Global Fund. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, an ga inda hidimar ta jingina: ma'aikatan wucin gadi masu bibiyar marasa lafiya, masu shigar da bayanai da masu ɗaukar jini su ne suka fara girgiza. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani a watan Fabrairu na shekarar. Ga mai karɓa, abin yi shi ne kada ya jira robar ta ƙare, ya koma saura mako 2. Mai tafiya ci-rani, ko fatauci zuwa Maraɗi ko Damagaram, ko aikin Hajji, ya faɗa tun da wuri a ƙara masa, ya riƙe maganin a jakar hannu. Mai sauya gari kuma ya karɓi takardar canjin asibiti mai ɗauke da lambarsa, sunan maganinsa, ranar da ya fara da sakamakonsa na ƙarshe. Zuwa sabon wuri a matsayin sabon mara lafiya yana ɓatar da duk wannan tarihi, yana iya sa a mayar da mai layi na biyu kan maganin da ya riga ya daina yi masa aiki, kuma na'urar hoton yatsa tana iya nuna yana da fayil a wani wuri.